A ina masu zane da marubuta waƙa suke jin labarin baje koli, tallafi da zaman aiki?

Mai Buroshi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, ina fatan waɗanda suka riga mu a wannan hanya za su haska mana.

Shekara shida ke nan ina zane da fenti a kan kyalle, kuma a cikin shekara biyun da suka wuce na tara ayyuka goma sha takwas waɗanda nake ganin sun isa a rataye su a ɗaki guda jama'a su gani. Ƙanwata kuma waƙa take rubutawa da Hausa, ta cika littattafan rubutu uku, amma ban da 'yan baitocin da take sakawa a Facebook babu wanda ya taɓa buga mata ko ɗango ɗaya. Matsalar da ta haɗa mu ita ce ba ma jin labarin wata dama sai bayan an rufe ƙofarta. Sai dai kawai mu ga hoton wani tsararmu a tsaye gaban aikinsa a wata ƙasa yana godiya ga gidauniyar da ta ɗauki nauyinsa, mu yi ta tambayar kanmu ta ina ya bi.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, a makon jiya wasiƙa ta shigo mini ta imel daga wani ɗakin baje koli a Turai. Sun ce sun ga ayyukana a Instagram, sun yaba ƙwarai, kuma sun zaɓe ni cikin waɗanda za a nuna zanensu a bana. Sai dai sun ce zan biya kuɗin bangon da za a rataye zanen, in biya kuɗin sanya sunana a kundin baje kolin, sannan aikawa da dawowa duk a wuyana suke, kuma sun ba ni kwana biyar in ba da amsa. Zuciyata ta rabu biyu, domin wannan ne karo na farko da wani daga waje ya ce ya ga aikina.

Shin haka aka saba yi, ko kuwa in yi hattara? Sannan a ina ake samun sanarwar baje koli da tallafin kuɗi da zaman nan na aiki da ake kira rezidensi, wato a sauki mai fasaha a wani wuri na ɗan lokaci ya yi aikinsa, tun kafin wa'adinsu ya cika? Ita kuma wadda ba da Turanci take rubutu ba, akwai ƙofar da aka bar mata a buɗe?

Tsohon Mai Zane ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da wasiƙar, tunda ita ce mai wa'adi. Kada ka biya.

Sake buɗe ta ka duba ko sun ambaci sunan zane ɗaya daga cikin naka, ko sun faɗi wani abu game da aikinka wanda ba za a iya faɗa wa kowane mai zane a duniya ba. Ina da tabbacin ba za ka samu ba, domin irin wannan wasiƙa an turo mini ita sau da yawa, kalmominta ma kusan iri ɗaya ne. Ɗakin baje koli na gaskiya daga sayar da aikinka yake samun abincinsa: yana ɗaukar kaso daga kuɗin duk zanen da ya sayar, galibi rabi, shi ya sa yake tashi tsaye wajen nemo masu saye da 'yan jarida da masu tsara baje koli. Wanda ya karɓi kuɗin bango daga hannunka tun kafin a buɗe ƙofa ya riga ya gama cinikinsa, kai ne mai sayen nasa, don haka ko mutum ɗaya bai shigo kallo ba babu abin da ya yi asara. Kwana biyar ɗin da suka ba ka kuwa don kada ka sami lokacin yin shawara ne. Abin da ya fi ciwo shi ne masu tantance takardu sun san sunayen irin waɗannan wurare, kuma ganinsu a takardar tarihin aikinka ba ya ƙara maka daraja a idonsu.

Sai batun inda ake jin labari. Akwai wurare huɗu da na fi dogara da su. Res Artis ƙungiya ce ta gidajen saukar masu fasaha na duniya, an kafa ta a 1993, kuma a shafinta ake jera sanarwar da mambobinta suka fitar tare da ranar rufewa. TransArtists, wanda hukumar DutchCulture ta ƙasar Holan ke kula da shi, rumbu ne da za ka iya bincikawa ƙasa-ƙasa ko fanni-fanni. Shafin On the Move ya fi mayar da hankali kan sanarwar da ake biya wa mutum kuɗin tafiya, kuma yana fitar da jagora kan masu ba da tallafin tafiye-tafiye a yankuna daban-daban, har da Afirka. Mujallar Contemporary And, wadda ake taƙaita sunanta da C&, tana da sashen da take jera damammaki ga masu fasaha na Afirka da 'ya'yanta da ke zaune a waje. Ka yi rajistar wasiƙarsu ta imel, ka kuma bi shafukan cibiyoyin al'adu irin su Goethe-Institut da British Council da Institut français da Pro Helvetia, domin da yawa daga cikin shirye-shiryensu ta ofisoshinsu na ƙasashe ake sanar da su.

Amma ina gargaɗinka, ganin suna a waɗannan jerin ba shi ke nuna kyauta ba ne. Zaman aiki iri uku ne. Akwai wanda za a ba ka masauki da ɗakin aiki da kuɗin jirgi da kuɗin kashewa. Akwai wanda masauki da ɗakin aiki kawai za a ba ka, sauran ka nemo. Akwai kuma wanda kai za ka biya komai, wato haya ce aka sa mata suna mai daɗi. Wannan na ukun ba lallai ne ya zama damfara ba, wasunsu wurare ne masu mutunci, amma ba su ne ya kamata mai farawa ya zuba ɗan abin da ya tara a kansu ba. Kafin ka karanta bayanin kyan wuri, gangara ƙasa ka nemi layin da ya faɗi wa ke biyan me.

Wani abin da na daɗe ban gane ba, har na ɓata shekaru ina jin haushi a banza, shi ne ba kowace ƙofa ake ƙwanƙwasawa ba. Babban baje kolin Venice da aka fara tun 1895, da documenta da ake yi duk shekara biyar a garin Kassel na Jamus, mai tsara baje kolin ne yake gayyatar wanda ya ga dama. Gidan saukar masu fasaha na Civitella Ranieri a Italiya sai wani ya gabatar da sunanka. Shirin masu fasaha na DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, a birnin Balin ma, a ɓangaren zane da sassaƙa, gabatar da suna ake yi. Idan ka ga tsaranka a irin waɗannan wurare, ba wata sanarwa ce ta wuce ka ba. Wani ne ya taɓa ganin aikinsa a wani ƙaramin wuri, ya riƙe sunansa.

Waɗanda ake nema kai-tsaye kuma, ga wasu da suka dace da matakinka. Gidauniyar Prince Claus ta Holan tana da kyautar masu tasowa, inda take ba mutum 100 yuro 5,000 kowannensu, ga waɗanda ke cikin shekara biyar na farkon sana'arsu. Ka karanta yadda suke lissafin shekarun da kyau, tunda ka ce shekararka shida da fara zane. Gidauniyar Elizabeth Greenshields ta Kanada, wadda ke aiki tun 1955, tana tallafa wa masu farawa daga kowace ƙasa, amma sai masu zanen da ake gane siffar abin da aka zana. Black Rock, gidan zaman aiki wanda mai zane Kehinde Wiley ya buɗe a Dakar a 2019, yana karɓar masu zane da marubuta da masu shirya fim. Gidan fasaha na Gasworks a Landan yakan fitar da sanarwa da aka keɓe wa masu fasahar wata ƙasa guda, saboda haka gasar ba ta duniya duka ba ce. Gidauniyar Pollock-Krasner ta Amurka, da aka kafa a 1985, tana karɓar takardu duk tsawon shekara daga ko'ina, sai dai tana son ganin cewa ka riga ka nuna aikinka a wuraren da aka san su, don haka ajiye ta zuwa gaba.

Wannan ya kawo ni kan zanenka goma sha takwas. Kada ka zauna jiran a gayyace ka. Haɗa kai da mutum biyu ko uku, ku nemi ɗaki mai haske a wata makaranta ko ɗakin karatu ko cibiyar al'adu, ku sa wa baje kolin suna da ranar buɗewa da ta rufewa, ku ɗauki hotuna masu kyau, ku gayyaci wanda zai rubuta 'yan layuka a kansa. Baje koli ne cikakke, kuma yana shiga takardar tarihin aiki. Ko a bikin fasaha na Dakar da ake yi duk shekara biyu, ɓangaren da ake kira OFF, wato nune-nunen da mutane ke shirya wa kansu a sassan birnin, a nan masu tsara baje koli da yawa suke yawo suna neman sababbin hannu.

Ni dai ina da ɗan littafi da na raba shi wata-wata. Duk sanarwar da na gani bayan an rufe, ba na baƙin ciki, sai in rubuta sunanta da watan da aka rufe ta, domin yawancinsu a daidai wannan lokacin suke dawowa baɗi. Wata biyu kafin lokacin sai in fara shiri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sai da aka ce mini a'a sau goma sha huɗu kafin a ce mini to, saboda haka shawarata ita ce ka aika da yawa gwargwadon ƙarfinka.

Mai Ƙwar Biyar ta rubuta:

Malam ya gama magana a kan zane, ni kuma zan tsaya a kan ƙanwarka, domin halin da take ciki na taɓa zama a cikinsa.

Abu na farko da zan roƙe ta shi ne ta dakata da saka cikakkun waƙoƙinta a Facebook. Mujallu da gasanni da yawa suna ɗaukar duk abin da ya taɓa fitowa a fili a intanet a matsayin wanda aka riga aka buga, kuma su sabon abu suke nema. Ni kaina waƙar da na fi so a cikin dukan abin da na rubuta, wata mujalla ta karɓe ta, daga baya ta janye da ta gano na taɓa saka ta a shafina shekara biyu kafin nan. Laifina ne, domin sharaɗin yana rubuce ban karanta ba. Ta riƙa saka baiti ɗaya ko biyu don masu bin ta, sauran ta adana.

Game da harshe, gaskiyar ita ce yawancin manyan kyaututtukan da ake nema daga ko'ina da Turanci ake shiga. Kyautar Evaristo ta waƙoƙin Afirka, wadda a da ake kira kyautar Brunel, waƙa goma ake aikawa, kuma an ware ta ne ga waɗanda ba su buga cikakken diwani ba. Kyautar Sillerman, wadda asusun buga littattafan waƙoƙin Afirka mai suna African Poetry Book Fund ke gudanarwa ƙarƙashin marubucin waƙa Kwame Dawes, littafin farko take nema, mai shafi 50 zuwa sama. Wanda ya ci ana ba shi dala 1,000, a kuma buga littafin a maɗaba'ar Jami'ar Nebraska, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ya shafe ta a nan shi ne Sillerman tana karɓar aikin da aka fassara zuwa Turanci, tare da ba mai fassarar kasonsa. Tallafin Miles Morland kuma, wanda za ta ji ana yawan ambata, na rubutun zube ne, kada ta ɓata lokacinta a kansa da waƙa.

To, ashe mabuɗin yana hannun mai fassara, kuma a nan nake son a yi hattara ƙwarai. Kada ta bar harshenta don neman shiga, kuma kada ta zuba waƙarta a manhajar fassara ta aika. Waƙarmu a kan kari da amsa-amo take tsaye, idan aka kwashe ma'anar kawai aka zuba a Turanci, abin da zai rage jawabi ne da aka yanka layi-layi. Lokacin da na zauna da mai fassara a kan wata waƙata mai ƙwar biyar, mun kwashe yamma guda a kan ɗango ɗaya, saboda kalmar da na rufe shi da ita tana ɗauke da ma'anar jira da ta tsaro a lokaci guda, Turanci kuwa ya ce sai mun zaɓi ɗaya. Daga ƙarshe mun haƙura da amsa-amon ciki, muka riƙe maimaicin da ke ƙarshen kowane baiti, domin shi ne numfashin waƙar. Irin wannan shawara ba mai yanke ta sai wanda ya ji waƙar da kunnensa, kuma shi kansa yana da hannu a waƙa. Ta nemi irin wannan mutum, su fara da waƙa shida zuwa goma, su kuma rubuta yarjejeniya tun farko a kan sunan wa zai fito da yadda za a raba abin da aka samu.

Da zarar ta mallaki wannan ɗan kundi mai harshe biyu, wurare da dama za su saurare ta. Mujallar Modern Poetry in Translation, wadda ke fitowa tun 1965, aikinta ke nan. Asymptote takan buga asalin waƙar kusa da fassararta, sau da yawa har da muryar da aka naɗa. Akwai mujallar Words Without Borders, akwai kuma cibiyar fassarar waƙa ta Poetry Translation Centre a Landan, wadda aka kafa a 2004 don waƙoƙin Afirka da Asiya da Latin Amurka. Asusun PEN/Heim yana tallafa wa fassarar littafi zuwa Turanci, amma mai fassara ne yake nema, ba marubuciyar ba, kuma wannan wani dalili ne na riƙe shi da mutunci a matsayin abokin aiki.

Ta kuma naɗi muryarta tana rera ko karanta waƙoƙin a ɗaki marar hayaniya. Bukukuwan waƙa irin na Rotterdam da aka fara a 1970, da na Medellín a Kolombiya tun 1991, da Poetry Africa a Durban tun 1997, galibi gayyata suke yi, kuma suna son mawaƙi ya karanta da harshensa a nuna fassarar a allo. A irin wannan dandali harshenta shi ne abin da aka zo ji. Rumbun Lyrikline na Balin ma a kan haka aka gina shi tun 1999: muryar mawaƙi da harshensa, fassarori a gefe.

Zaman aiki na marubuta yakan zo daga baya. Shirin marubutan duniya na Jami'ar Iowa, wanda aka fara a 1967, da ɓangaren adabi na DAAD, duk suna duban waɗanda suka riga suka buga littafi. Saboda haka buga diwaninta da Hausa, a wajen mawallafin da zai tace shi da kyau, yana cikin shirin, ba wani abu ne daban ba.

Ɗan Kwamiti ya rubuta:

Na zauna a kwamitin tantance masu neman tallafi sau uku, don haka bari in faɗi abin da ake gani daga ɗaya gefen teburin. Ina girmama Malam Tsohon Mai Zane, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari a kan wasiƙar nan, amma ban bi shi a kan cewa a aika da yawa ba.

Kafin takardu su iso gabanmu, ma'aikacin ofis ya riga ya cire duk waɗanda ba su cika sharaɗi ba, kuma tulin da yake cirewa ba ƙarami ba ne. Wani shekarunsa sun wuce, wani ƙasarsa ba ta cikin jerin, wani an ce hoto goma ya aiko da ashirin da biyar, wani kuma mutum ɗaya ne ya nemi kuɗin da aka ware wa ƙungiyoyi. Asusun UNESCO na bunƙasa bambancin al'adu, alal misali, ƙungiyoyi da hukumomi yake ba wa, amma kullum za ka ji ana tura wa masu zane sanarwarsa. Duk wanda aka cire a wannan mataki, babu alƙalin da ya ga aikinsa, shi kuwa yana can yana zaton an raina hannunsa ne.

A zagayen farko hotuna ake haskawa a allo, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane hoto daƙiƙoƙi kaɗan yake samu. Na ga zane mai kyau ƙwarai da aka ɗauka a jingine da kujera, hasken fitila ya ƙone rabinsa, ga yatsun wanda ya riƙe shi a gefe. Na yi ƙoƙarin kare shi, amma sauran alƙalai ba su iya ganin abin da nake hasashe ba. Ka fitar da zanenka inuwa da rana, ka daidaita kyamara da tsakiyarsa, ka yanke duk abin da ba zanen ba, ka rubuta sunansa da shekara da kayan da aka yi shi da su da girmansa. Ka sa mafi ƙarfi a farko, kuma ka zaɓi ayyukan da suke magana da juna, domin mai nuna mana salo biyar don ya burge mu yakan bar mu ba mu san ko shi wane ne ba.

A zagaye na biyu ake karanta rubutu, kuma tambayar da muke yi ita ce me ya sa wannan mutum yake buƙatar wannan wuri a wannan lokaci. Wanda ya rubuta wasiƙa ɗaya ya aika wa wurare talatin ba zai iya amsa ta ba. Har mun taɓa karanta wadda aka manta ba a canja sunan wata gidauniyar a cikinta ba. Wanda ya ce yana son wata biyu a wurinmu saboda akwai injin buga zane da ba shi da irinsa, kuma ga jerin ayyuka takwas da yake son gwadawa a kai, ya riga ya wuce mai dogon bayani a kan yadda fasaha ke haɗa kan al'umma. A kasafin kuɗi kuma ka sa ladan aikinka da kanka, kada kunya ta hana ka, kuma ka tabbata jimillar ta yi daidai. Nema biyar da aka zauna aka yi wa kowanne shiri sun fi talatin da aka watsa.

A kan biyan kuɗi ma akwai ɗan bambanci da ya kamata a sani. Wasu wurare masu daraja suna karɓar ɗan kuɗin duba takarda. MacDowell a Amurka, wanda ke saukar masu fasaha tun 1907, yana karɓa, amma wanda aka zaɓa ba ya biyan masauki, har akwai taimakon tafiya ga mai buƙata. Wannan daban yake da a ce an zaɓe ka sannan a miƙo maka takardar biya. Idan ma ɗan kuɗin ya fi ƙarfinka, ko katin bankinka ba ya aiki a waje, rubuta musu ka tambaya ko suna yafewa, domin wurare da dama suna yi ga wanda ya nema.

Mai Buroshi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Malam, na rubuta wa masu ɗakin baje kolin na tambaye su wane zane ne ya ja hankalinsu. Ba su amsa tambayar ba, sai suka ce sun rage mini kashi talatin cikin ɗari idan na biya kafin Juma'a. Na rufe maganar. Ƙanwata ta karanta bayanin Malama har sau biyu, ta kuma fara ware waƙoƙin da ba ta taɓa sakawa a ko'ina ba.

Saura tambaya ɗaya. Idan Allah ya sa an zaɓi mutum, yaya ake yi da biza da kuɗin jirgi da ɗaukar zanen? Ina tsoron a ce to, in kasa zuwa.

Tsohon Mai Zane ya rubuta:

Tsoronka yana kan hanya, ƙanena, domin na san waɗanda aka zaɓa amma zaman ya wuce ba su taka wurin ba. Na kuma karɓi gyaran Malam Ɗan Kwamiti. Da na san abin da ya faɗa tun farko, da a'a ɗin da na sha ba su kai goma sha huɗu ba.

Ranar da amsa ta zo, kafin ka sanar da kowa, ka tambaye su abu biyu a rubuce. Na farko, su ne za su sayi tikitin, ko kai za ka saya su mayar maka daga baya? Wurare da yawa mayarwa suke yi, wani lokaci sai bayan ka isa, kuma idan ba ka da abin da za ka fara fitarwa gara ka faɗa tun da wuri, yawancinsu za su saya maka. Na biyu, ka nemi takardar gayyata mai ɗauke da ranakun zaman da adireshin masauki da bayanin duk abin da suka ɗauki nauyinsa, domin ita ce ƙashin bayan takardunka a ofishin jakadanci. Ga ƙasashen Turai na yankin Schengen, bizar ɗan gajeren zama kwana 90 take bayarwa a cikin kowane kwana 180, ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Zaman da ya wuce wata uku wata bizar daban yake buƙata. Ka nemi ranar ganawa a makon da takardar ta iso, domin samun ranar kan fi komai cin lokaci. Idan kuma wurin bai biyan kuɗin tafiya, duba jagorar On the Move. Don tafiya daga wata ƙasar Afirka zuwa wata, ka riƙa leƙa Art Moves Africa ka ga ko sun buɗe karɓar takardu.

Zanen kuwa, idan zaman aiki za ka je ba ka buƙatar ɗaukar komai sai hotuna, a can za ka yi sabo. Idan baje koli ne, kada zane ya bar hannunka sai da yarjejeniyar da ta faɗi wa zai biya aikawa da dawowa, wa ke da alhakin inshora, nawa ne kasonsu idan an sayar, da ranar da za a dawo maka da abin da ya rage. Ni nakan cire kyallen daga katakonsa bayan fentin ya bushe sarai, in naɗe shi a jikin bututu mai faɗi, fuskar fentin tana waje don kada ya tsage, in sa takarda marar mannewa tsakanin kowane biyu, a can sai a sake ɗaura shi. Ka tafi da jerin ayyukan mai hoto da girma da ƙimar kowanne, kwafi biyu, ka kuma tambayi masu gayyatar tun da wuri irin takardar da kwastan na ƙasarsu ke nema ga kayan da aka shigo da su don nuni kawai.